Yawun Goro a Idon Kyamara

Edita, yau na zo ne in tona wa kaina asiri. Ni dattijo ne mai ɗinkin babbar riga a unguwar Kusfa, bokona bai wuce aji uku ba, amma a lokacin da abin nan ya faru babu abin da ban iya ba a bakina. Rediyo ya lalace, ni ne. Agogo ya tsaya, ni ne. Ga cin goro kamar akuya, bakina kullum jajir. Tabarau ɗina kuwa, tofa masa yawu nake yi in goge da bakin riga, ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Mahaifiyarmu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, tun tana yarinya. Sai da ta tsufa tukuf yayata ta yi ta lallashinta, har ta amince, amma ta ce sau ɗaya tak, kada a maishe ta abin kallo. Muka kira wani mai hoto daga Ƙofar Kibo, zamanin da sai an kai fim an wanke. Ya iso ana kiran la'asar, ya ba ni riƙon kyamararsa ya tafi alwala, ya ce don Allah Baba kada in taɓa komai. Yana juya baya na buɗe murfin. Na hango ɗan tabo a gilashin, sai na yi abin da na saba: na tofa. Wallahi har da ɓarɓashin goro. Ganin ya yi ja, na murza da bakin rigar da nake ɗinki, mai sitaci da zare mai kaushi. Abu ya daɗa damewa. Na ciro kwalbar turarena na ɗiga masa, na shafe da babban yatsa, na mayar da murfi, na zauna ina jan carbi kamar mutumin kirki.

Ashe mai hoton ta wata 'yar taga daban a jikin kyamarar yake leƙawa, bai ga ɓarnar ba. Inna ta fito da sabon mayafi, ta zauna, aka ɗauka, ta tashi. Kafin a wanko hoton ta kwanta ciwo, ba ta ƙara tashi ba. Bayan addu'ar bakwai mai hoto ya zo da shi, ransa a ɓace. Ga tabarma, ga ƙafafunta, ga gefen mayafi, amma fuskar wani dusu-dusu ne kawai. Ya ce da ya shinshina gilashin sai ya ji warin goro da turare, ga zane-zanen karce da ba za su fita ba. Nan na faɗi gaskiya a gaban kowa.

Har yau in na tuna sai in ji ƙyanƙyamin bakina. Jama'a, idon kyamara ba tabarau ɗin tsoho ba ne. Masu sana'ar sukan fara hure ƙura da 'yar robar iska, sannan su shafa a hankali da ƙyalle mai laushi da tsabta. In ba ka da su, ka bar wa mai kaya kayansa.

Hoton yana nan a ɗakin yayata, ta ƙi jefarwa. Ran nan jikarta ta tambaya wace ce a ciki, ina zaune. Yayata ba ta ko dube ni ba ta ce mata, ai Inna ce, tana can bayan yawun kakanku.