Ranar da Ƙanena Ya Ƙi Yi Mini Tiyata

Ƙanena likitan tiyata ne. Ni a firamare na tsaya, na gaji mahaifinmu a kamun kifi da noman rani a Tiga, inda aka dawo da mu bayan ruwan dam ya ci garinmu. Shekaru da dama, duk wanda ciwo ya kama a unguwarmu ni yake nema, in raka shi birni, ƙanena ya yi masa aiki. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin gaisuwar da ake yi mini saboda haka.

Daga baya aka ba shi koyar da sababbin likitoci, har ya zama shugaban masu horar da su a asibitin da yake aiki. Ya rage shiga tiyata. Ya taɓa ce mini hannunsa biyu ne kawai, amma waɗanda ya koyar za su kai aikin inda shi ba zai je ba. Ban gane ba. A ganina an karɓe masa wuƙa ne an ba shi kujera.

A wannan lokacin ƙaba ta fito mini, saboda ɗaukar injin ban-ruwa. Na je wurinsa. Ya duba ni, sannan ya kira wani likita da ya horar, ya ce shi zai yi mini. A wurinmu, in yayanka ya kawo maka aiki, da hannunka kake yi, ba ka tura shi wurin mai koyo.

"Yaya, ba zan iya sa maka wuƙa ba," in ji shi. "Zan tsaya a ƙofa har a gama."

Na ce, "Baƙi ka yi wa da hannunka, ni kuma sai ɗan koyo?"

Na sa rigata na fita. Ya biyo ni har bakin titi, ban waiwaya ba. Da na koma, na riƙa faɗa a ƙofar masallaci da kasuwar Ƙafin Maiyaki cewa ofis ya canja shi. Ya yi ta kiran waya, ban ɗauka ba. Da ya zo sallah, a tsaye na amsa gaisuwarsa.

Bayan shekara ciwon ya matsa, aka yi mini aikin a wani asibiti kusa da mu. Ina kwance na ba likitan labarin, ina jiran ya goya mini baya. Sai ya ce likita ba ya yanka jininsa muddin akwai wani, don tausayi yana sa hannu rawa. Shi ma ba zai yi wa yayansa ba.

Na yi niyyar zuwa wurin ƙanena. Na ce sai na warke, sannan na ce sai an gama cire tumatir. Ba a gama ba aka bugo cewa ya faɗi a ofis. Kafin mu isa ya cika.

A zaman makoki wani dattijo maƙwabcinmu ya yi masa addu'a, ya ƙara da cewa Allah ya yafe masa girman kan da ya yi wa yayansa. Daga bakina ya ji. 'Ya'yan marigayin suna zaune a wurin. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Sai bayan kwana uku na je gidan dattijon na gaya masa gaskiya. Sauran da na faɗa wa ban san yawansu ba, ina bin waɗanda na tuna. Babban ɗan ƙanena har yau yana durƙusawa ya gaishe ni, kuma ban iya yi masa maganar ba tukuna.