Kawu bai mutu ba, kwana ya kai

Da munka sallame asuba munka hita Ƙonni cikin motar haya, ni da Kawu Idi, za mu Badagishiri gaida tsohuwatai. Kawu dillalin shanu na. Bara zuciyatai ta ƙiya aiki, ɗiyanai sunka kai shi waje, likitoci sunka sa mishi wani ɗan inji cikin ƙirji mai tura jini. Waya ta hito ta cikinai zuwa sakoshi, 'yar jakka mai batir da ya ka ratayawa ga wuya. In ta cire, to sai Lahira. Ni anka ɗora ma tsaron wayag ga, ni da ko lakwal, makarantar boko, ban ƙare ba.

Tsarnawa

Direba ya tsaya ɗaukar albasa. Kawu ya ce in sawo mishi tsire, wanda likita ya hana shi. Na ce, «Kawu, inji bai son gishiri.» Ya ce, «Injin ubanka na?» Na tahi.

Ina dawowa na iske mota ta ɗauki salati. Kawu ya yi kwana, baki buɗe. Wani dattijo mai tazbaha ya kama hannunai, bai ji jijiya na bugawa ba. To ina za ya ji? Injin ga bai bugu, zuba ɗai ya kai kamar pampo. Har sun shimhiɗa shi bisa kujera, wata ta ba da zane, dattijo na kiciniyar tuɓe mishi sakoshi, wai ba a barin mamaci da kaya a wuya. Yatsunai bisa waya.

Na yada tsire, na hwaɗa ta taga, na riƙe hannun.

«Baba, saki.»

«Yaro, haƙuri za ka yi. Gawa nawa na wanke?»

«Mai batir nawa ciki?»

Na jawo kunnen dattijo na manna ga ƙirjin Kawu. Ya ji abu na ƙugi kamar firijin mai ƙanƙara. Ya ja baya yana a'uziyya. Nan Kawu ya buɗe ido, ya ga zane bisa ƙahwahunai.

«Ina tsirena?»

Badagishiri

Sauran hanya ba wanda ya zamna kusa gare mu, na miƙe ƙahwa kamar minista. Mun sauka da hantsi, tsohuwa ta shahwa kan ɗanta, ta ce ya rame. Na gode Allah, na gode ma tagar da ba ta da gilashi. Kawu kau har yau bina bashin tsire ya kai.