Ƙofar Motar Baba a Garken Awaki

Parakou

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, na bar Zongo zuwa tasha. Shekara arba'in ina kanikanci, shekara goma ina neman mota guda: kamiyon, wato babbar motar soja ta yaƙin duniya na biyu, mai taya goma, wanda marigayi Baba ya ja bayan an sallame shi daga soja. Yayata Hajiya Rabi, da ta makance kuma jiki ya yi nauyi, a cikinsa ta yi ƙuruciya. Ta ce, "Iliya, ko ƙusa ce ka kawo min in taɓa."

Wani dillali a Djougou ya rantse ya gano shi.

Hanya

Mu tara aka cusa a motar mutum biyar. A Bétérou jandarma ya jujjuya katina sai ka ce ya iya karatu. Kilomita ɗari da talatin da wani abu, awa uku cur!

Djougou

Na ci abincin garin da ake kira wasa-wasa, na sami dillalin cikin babbar riga, baki ba birki. Muka hau zem, wato acaɓa, zuwa wani ƙauye a yankin Partago, gidan wani Alhaji.

Partago

Kai, jama'a! Mota ce an shafe ta da koren fenti har taya, an zana tauraro mai ƙafa shida maimakon biyar. Na leƙa ƙasa: taya shida, injin gazuwal, wato dizal, alhali ta Baba fetur take sha, lambar shasi an kankare ta da dutse.

"Ranka ya daɗe, wannan ai motar ɗaukar auduga ce. Na girme ta."

"Bature ma ya ɗauki hotonta!" in ji Alhaji.

"To baturen ma bai san mota ba."

Dillali ya hau kallon sama. Na tambayi Alhaji ko an taɓa samun wata tsohuwar mota a gidan. Ya yatsine fuska.

"Waccan mummunar? Tsatsa ce zalla. Na ba maƙeri bara, ya yi fartanyu."

Wato ya kai motar gaske maƙera, ya yi wa ta banza kwalliya! Na juya zan fita kafin in faɗi abin da ba ya gyaruwa, sai idona ya sauka kan garken awaki. An tare bakinsa da ƙofar mota. A jikinta ga ƙugiyar da Baba ya yi wa walda don rataye butar alwala, a karkace, don bai taɓa iya walda ba.

"Ɗauki, tarkace ne," in ji Alhaji. Na sa masa kwanon rufi a gurbin.

Gida

Ƙarfe shida na yamma na shiga Zongo da ƙofa a ka, mutane na dariya. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa awakin, don su kaɗai suka riƙe amana a gidan Alhaji.

Hajiya ta shafa ƙarfen har yatsanta ya kama ƙugiyar. Sai ta ce, "Miƙo min butata, Iliya."