Baba Mai Dashe da Ɗansa

Da maigidana ya rasu, na manta da lemun da ya dasa a ƙofar gida har ganyensa ya fara naɗewa. Wata safiya na fito shara, na tarar gindinsa a jiƙe. Washegari ma haka. Sai da na laɓe a bayan labule na ga mai yin aikin: Baba mai dashe ne, dattijon cocinmu, da tsohon bokitinsa mai yoyo. Ya zuba ruwa ya wuce, ko sallama bai yi ba.

Sana'arsa rainon ƙananan itatuwa a cikin baƙaƙen ledoji, jikin katangar coci. Yana da wata ɗabi'a: ba ya sallama dashe sai ya ji wanda zai riƙa ba shi ruwa. Na taɓa ji yana ce wa wani mai mota, "Yallaɓai, kai da ko takalminka ba ka gogewa da kanka? Turo mini mai gadinka mu yi magana." Mutumin ya yi dariya, ya turo shi kuwa.

A coci kujerar baya yake zama, hularsa a kan gwiwa. Duk ranar da Fasto ya yi wa'azi a kan cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba, jama'a na cewa amin, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Na daɗe ina lura kafin na san dalili.

Ashe yana da ɗa guda, wanda ya bar gida da daɗewa. Wata rana ina taya shi cika ledoji da ƙasa ya faɗa mini.

"Mama, so nake yaron ya san Ubangiji, amma na yi gaggawa. Ba ya cin abinci sai ya kawo aya da ka. In ya yi tuntuɓe, bulala. Kullum ina tono shi in ga ko ya yi saiwa. Ni da ko barkono ba na yi wa haka."

Na ce, "Allah mai jinƙai ne, Baba."

"Ya ji ƙaina, na sani. Amma gafara daban, girbi daban."

Tun tafiyar yaron, in ji matan zumuntar cocinmu, ba a ƙara jin Baba ya ɗaga murya a kan kowa ba. Kullum yana sa sunansa a addu'a. Ya samo lambar wayarsa a wurin wani direba, amma da yaron ya gane mai kiran, bai sake ɗauka ba.

Bara Baba ya koma ga Ubangiji. Har yau in na bi ta katangar nan sai na rage tafiya.

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, ƙafafunsa sun kumbura. Ya jawo hannuna, ya karanto mini lambar ɗansa da ka, bai yi tuntuɓe ba.

"Mama, kira shi da wayarki, bai san lambarki ba. Kada ki ce ina kwance, kada ki yi masa wa'azi. Ki dai kara mini a kunne. In ya ce 'Wa ke magana?', ya ishe ni."