Doron Jitar Idrisu

Duk wanda ya san Malam Gali kafinta a Sharaɗa ya san ba ya jure ganin abu a karkace. Mutumin Ɗorayi ne, gajere, kakkaura, kullum da rular ƙarfe a aljihun gaban rigarsa. Aikinsa a wani kamfanin robobi shi ne haɗa katakon da ake ɗora kaya a kai, da gyaran tebura da ƙofofi. In ya zo gidanka, kafin ku gama gaisawa ya riga ya gano bencinka yana rawa. Matarsa Atika takan ce ko tuwo ta kwashe masa, sai ya ƙura wa malmalar ido kamar zai ɗora mata rula. Shi kuwa sai ya yi dariya ya sa hannu. Ba shi da dukiya, ba shi kuma da ƙorafi. Yana son aikinsa, aikin ma yana son sa.

Amininsa shi ne Idrisu, mutumin Damagaram. Tun suna samari suka haɗu a wata masaƙa a Bompai. Da masaƙar ta rufe, Gali ya samu aiki a Sharaɗa, Idrisu ya faɗa kamfanin fata a Challawa, ya kama ɗaki a Zawaciki. Iyalinsa suna can gida, sai da sallah yake ganin su. Abin da ke ɗebe masa kewa wata tsohuwar jita ce ja da ya zo da ita daga Damagaram. Ranar Lahadi bayan la'asar yakan rataya ta ya hau kekensa zuwa ƙofar gidan Gali, a dafa shayi, yana kaɗawa suna tsokanar juna irin ta Bakano da Badamagare. Shi da bakinsa yake cewa in ya yi mako bai taɓa jitar nan ba, jikinsa ba ya masa daɗi.

To, wata bazara zafi ya yi zafi, sai 'yan ƙarafan nan da aka jera a gicciye a wuyan jitar, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu, suka fara ɗagowa suna yankar yatsa. Idrisu ya miƙa wa Gali ita, ya ce, "Malam Gali, ka mayar mini da su mazauninsu. Iyakar ke nan."

"Kwantar da hankalinka, ɗan Damagaram. Hannun Bakano ta shigo."

Gali ya kwance tsirkiyoyin, ya sa filaya ya zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Da ya tsaya nan, da ba a yi labari ba. Amma ina! Sai hannu ya tafi aljihu. Ya ɗora rula a faɗin katakon wuyan, ya ɗaga ya duba: tsakiya ta yi doro, haske na shigowa ta gefe da gefe. "Subhanallahi," in ji shi, "zafi ya kumbura katakon bawan Allah, shi ko sani bai yi ba." Ya ɗauko samfefa ya naɗa a jikin wani miƙaƙƙen katako, ya yi ta gurza har doron ya tafi, wuya ya kwanta sumul kamar fuskar tebur. Ya bubbuga ƙarafan suka miƙe, ya mayar, ya shafa mai. Wallahi aiki ya yi kyau, ba mai kushe shi a ido.

Ranar Lahadi Idrisu ya karɓi jitarsa yana murmushi. Ya ɗaure tsirkiyoyi, ya shimfiɗa yatsansa manuni ya danne duka shidan lokaci guda, yadda ya saba, ya kaɗa. Na gefe suka yi kuka, na tsakiya suka ce tuf. Ya ƙara dannawa har jijiyar wuyansa ta fito. Tuf. Yatsan Idrisu ba miƙaƙƙe ba ne. Shekarun da ya yi yana jan jiƙaƙƙiyar fata a Challawa sun lanƙwasa shi, ba ya kwanciya a kan abu shimfiɗaɗɗe.

Ya shafa wuyan jitar a hankali, ya ɗago kai. "Malam Gali, ina doron?"

"Na raba ka da shi. Kyauta ma."

"Ba ciwo ba ne fa. Haka aka ƙera ta. Doron nan shi ke tarar yatsana."

Ana cikin haka sai ga Bala, direban babbar motar kamfaninsu Gali, wanda ke kaɗa jita a gidajen biki. Ya karɓa ya gwada. Shi ba ya danne tsirkiyoyi gaba ɗaya. Ɗaya-ɗaya yake bi da sauri, yana tura tsirkiya sama da yatsa har ta yi wani kuka mai ja. "Kai! Wa ya yi wannan aikin?" in ji Bala. "Ni irin wannan nake nema. Mai doro da yawa, da ka tura tsirkiya sai ta gogi ƙarfe ta mutu. Wannan kuwa ko ina ta tafi da rai take."

Gali ya gyara hula. "Ka dai ji ko, ɗan Damagaram?"

"Na ji," in ji Idrisu. "Hannunsa daban, nawa daban." Ya sa jitar a buhu, ya yi godiya, ya hau kekensa.

Lahadi ta zo ba Idrisu, wata ma ta zo haka. Gali ya kasa zama, ya bi shi Zawaciki. Ya tarar da jitar rataye a ƙusa, buhun ma ba a kwance ba. Idrisu ya tare shi da mutunci, ya shimfiɗa tabarma, ya tambayi Atika da yara. Amma har aka sha shayi aka gama bai tsokane shi ko sau ɗaya ba. Wannan ya fi zagi ciwo a wurin Gali. A hanyar komawa Ɗorayi ya ji kunya ta rufe shi, da tsoro kuma: ya raba mutum da abu guda da ke riƙe da shi a garin nan.

Goge doro ba wuya. Mayar da shi daidai ne aiki. Da ido ba ya yiwuwa, kuma katakon ya riga ya yi siriri, gwaji ɗaya kawai zai ɗauka. Gali ya yi ta juya abin a ransa, har wata rana da hantsi ya jingina hannu a kan wani shuɗin duro a filin kamfaninsu inda ake tara robobin da suka lalace, ya ji yadda tafinsa ya bi bayan duron. Nan take ya nemi izini, ya ɗauko zarto. Ya yanko ɓallin bokiti, da na shuɗin duro, da na wani ƙaton tankin ruwa, ya ɗaure su a bayan babur sai Zawaciki.

"Miƙo hannunka," ya ce wa Idrisu.

"Yau kuma malamin duba ka koma?"

"Miƙo dai."

Idrisu ya kwantar da yatsansa a bayan ɓallin bokiti: doro ya yi yawa, kan yatsan na lilo. A kan na tanki, tsakiyar yatsan ta ƙi taɓawa. Da ya ɗora a kan na shuɗin duro, sai yatsan ya zauna ɗas, tun daga gindi har kai. Suka kalli juna.

Gali ya kwance tsirkiyoyin ya sake zare ƙarafan, ya manna samfefa a cikin ɓallin duron, ya kifa shi a wuyan jitar, ya dinga ja daga sama zuwa ƙasa a hankali, yana hura garin katako yana bismillah. Gefe da gefe suka sauka, tsakiya ta tashi. Ya ƙara zurfin tsagogin da ƙarafan ke zama a ciki da siririn zarto, ya lanƙwasa ƙarafan a bayan ɓallin duron, ya mayar da su. Zufa har cikin idonsa, bai yarda ya yi sauri ba.

Da ya gama, Idrisu ya ɗaure tsirkiyoyi, ya shimfiɗa lanƙwasasshen yatsansa, ko ƙarfi bai sa ba. Ya kaɗa. Duka shidan suka amsa tare, tangaran. Ya matsa ƙasa ya sake dannawa, suka sake amsawa. Sai ya sunkuyar da kai ya shiga wani kiɗa na garinsu, ya daɗe bai ɗago ba. Gali na zaune a bakin tabarma, hannuwa duk garin katako, farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ta koma yadda take?" ya tambaya da ƙyar.

Idrisu ya goge ido da hannun riga. "A'a, ta fi da. Wanda ya ƙera ta can ƙasarsu bai taɓa ganin hannuna ba, Malam Gali. Kai ka gan shi."