Da Sauƙi

Shekarun da na yi ina karanta labarai a rediyo sun koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Da na yi ritaya na dawo Gumel, inda matata take koyarwa a firamare, sai ɗabi'ar ta biyo ni. Ba ta dami kowa ba sai da ciwon ƙoda ya kama matar tawa.

Ƙafafunta ne suka fara kumbura. Wata Lahadi ta ɗaura zanen ƙungiyar zumuntar matan coci, ta ɗauko takalmin da take zuwa coci da shi, ƙafa ta ƙi shiga. Da silifas ɗina ta tafi. Daga baya likita a Kano ya ce ƙodar duka biyu sun tsaya, sai wankin ƙoda, wankin ma jinkiri ne kawai. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda ya tashi daga wannan mataki ba tare da dashe ba. Ya ce bai taɓa ba. Cikin danginmu kuwa ba a sami wanda tasa ta dace da ita ba.

A coci an yi azumi, an yi addu'a. Fasto ya zo har gida ya ɗora mata hannu cikin sunan Yesu. Ina durƙushe ina cewa amin, amma muryar likitan nake ji.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne mai safarar shanu daga kasuwar Maigatari. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Malam, ya mai jiki?" Kowa ya san amsar. Ko mutum yana gargara, da sauƙi ake cewa. Haka nake faɗa, maganar tana yi mini ɗaci a baki.

Wata safiya, bayan matata ta wuni ta kwana tana amai, na kasa.

"Babu sauƙi, Alhaji," na ce. "Likita ya ce ba za ta tashi ba."

Ya sunkuyar da kai kamar na zage shi. Ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya wuce. Na manta tagar ɗakinta a buɗe take.

Da na shiga ta dube ni. "Maigida, har a ƙofar gida ma labarai kake karantawa? Saura ka ce masa ga cikakken bayani."

"Ƙarya kike so in yi?"

"Wa ya ce ƙarya ce? Ni in na ce da sauƙi, ban ce yana jikina ba. Yana nan dai wurin Ubangiji, an ajiye mini. Ko nan ko can zan karɓa."

"Nan nake so," na ce.

"Ni ma," ta ce, ta juya fuska ga bango.

Ba mu sake tayar da zancen ba. Hanyar Kano ta fi ƙarfinta, muka daina zuwa wanki. Matan zumunta kan zo su yi mata waƙa, ita tana motsa leɓe kawai. Ni kuma na daina roƙon waraka, domin na kasa haɗa jimlar. Nakan zauna kusa da ita in ce, "Ya Uba," in yi shiru.

Ana saura kwana kaɗan Ista ta daina magana, amma idonta yana bin mutum. Da safe na ji sallamar Alhaji. Tun ranar da na ce masa babu sauƙi bai ƙara tambayata ba, gaisuwa kawai yake yi. Ran nan sai ya ce, "Malam, ya mai jiki?"

Na dubi tagar. A buɗe take. Na ɗaga murya yadda aka koya mana a gaban makirufo, kowane harafi a fili.

"Da sauƙi, Alhaji."

Da la'asar ta cika. Alhaji ne ya ba da motar da ta kai akwatin gawarta maƙabarta. Har yau ina zuwa coci, ina zama inda na saba, kuma ban tabbatar da abin da na faɗa ba.