Butar da ta danne digirina

Tun watan Yunin 2014 nake riƙe da Isufu a raina, kuma har yau ban huce ba.

Shi ne abokina ɗan Nijar da ya zuga ni na bar ɗakina na unguwar Flatbush, na tare a tsohon jirgin ruwansa mai tafiya da iska, a gefen tsibirin Staten Island. Wai hutu, wai tsufa mai daɗi.

Mako biyu da tarewa na buɗe akwati, na tarar danshi ya kama takardar digirina. Shekara talatin ina tuƙa tasi tana ajiye, ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Na fito da ita na shanya a saman jirgi. A gida da dutse ake danne shanya, to a kan ruwa ina dutse? Sai na ɗora mata buta.

Muna kishingiɗe muna shan shayi, Isufu ya ce La'asar ta yi. Hannuna bai shawarce ni ba, ya ɗauke butar nan.

Iska ta sure takardar. Na ce, "Isufu, kwance jirgin nan mu bi ta!"

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Alhaji, ƙyale ta. Shekara talatin ba ta kai ka ko'ina ba, bari ita ta ga duniya."

Jama'a, ku gaya min tsakani da Allah, wannan aboki ne?

Alwala dai na yi, sallah ma ba ta wuce ni ba. Takardar kuwa ita ce ta asali, kuma ba ni da kwafinta.